Shafin Hansatu Ya Tafi Jidda

Lauratu ƙawata, sau uku kina tambayata a waya me ya faru a gidan Hansatu ranar Asabar, sau uku ina ce miki lafiya lau. To ba lafiya lau ba ce. Duk lokacin da kika kira, maigidana Baban Lubna yana zaune kusa da ni, kunnensa a miƙe. Yanzu ya fita majalisa, na ɗora shinkafa, bari in rubuta miki tun daga tushe. Na yi istigfari kafin in ɗauki biro, in na ajiye ma zan ƙara.

Kin san ƙanwata Hansatu Maiturare ta unguwar Digel, kin san humrarta. Abin da ba ki sani ba, tunda kika koma Mundu, shi ne shekara biyu ke nan tana da shafi a intanet. Wani bawan Allah mai suna Ghali, mai ɗan ofis a unguwar Ambasatna, shi ya gina mata, kuma a cikin injinsa shafin yake zaune. Mu mai masauki muke ce masa. Kowane turare da hotonsa, da sunansa, da yadda ake turara shi, abin gwanin sha'awa.

Sai ga Hajiya Ikilima ta shigo gari. Ita ce mai babban kanti a Jidda, sau biyu take zuwa a shekara ta ɗebi kayan mata. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta ɗaukar kayan da ba su da shafi, don matan can a waya suke zaɓa tun kafin ta ɗaure kwali. Ta aiko wa Hansatu cewa za ta zo ranar Asabar ta ga shafin da idonta, jirginta kuma ranar Litinin. Shekara uku Hansatu tana addu'ar wannan rana.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci Asabar ɗin, Hansatu ta zo gidanmu a unguwar Abena da murnarta, ta ce in buɗe shafin a wayata mu gani. Kin san ɗakina, ko gaisuwa aka yi ta waya sai an fita gindin darbejiya ake jin amsa. Shafin ya tsaya yana ta juya ɗan zobensa. Baban Lubna yana kan tabarma yana shan shayi, ya miƙo hannu.

"Kawo in gani."

Ya juya wayar, ya duba bayanta, ya kaɗa ta kusa da kunne kamar mai sayen kankana.

"Ba ciwon waya ba ne," ya ce. "Mai masauki ne ya gaza. Injin Ghali tsohon jaki ne. Ku mata ba kwa duba nesa. Masu saye suna Jidda, shafi yana Ambasatna. Duk wadda ta taɓa wayarta a can, sai saƙo ya taso, ya tsallake teku, ya ratsa yashi, ya zo ya tarar da Ghali yana barcin rana."

"To Injiniya, sai a yi yaya?" in ji Hansatu. Kin san wasan da ke tsakanin miji da ƙanwar mata. Ita ta mayar da shi sana'a ta biyu.

Ya ajiye kofi ya gyara hula.

"Ƙaura za a yi masa. In ɗauke shi cak in kai shi Jidda, wurin mai masauki na can. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina za su Makka, suka yada zango a nan tun ana ce wa garin Fallomi, har yau ba mu tashi ba. Shekara ɗari ana zango! To shafin nan zai ƙarasa tafiyar. Ni zan kai shi."

Na ce, "Malam, ka taɓa yi?"

"Taɓa yi? Shekara tara ina tuƙa injiniyoyi. Duk abin da suka faɗa a kujerar baya, ta kunnena ya fara bi kafin ya isa nasu."

"Ai ka tuƙa likita ma wata shida," in ji Hansatu, "ban ji ka yi wa kowa tiyata ba."

"Ba a kawo min ba ne."

Na ɗauka maganar za ta mutu a nan. Sai ya ce mata ta kwatanta a ranta, ranar Asabar ta dubi Hajiya ta ce, shafina ai maƙwabcinki ne. Na ga idon Hansatu ya yi wal. Shi ke nan, an gama da ita.

"Injiniya, in ka ɓata min, a turmi zan daka ka tare da sandal."

"Ki dai tanadi bakin godiya."

Da safiyar Talata ya karɓi ordinatir ɗinta, kwamfutar nan tata, ya shige ɗaki da wayarsa, ya ja labule. Awa guda muna jin ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya fito yana share gumi, ya ce, "Na kwashe." Sannan ya ce mu shirya, za a je sallama.

Kin san al'adarmu, gadon matafiya. Ba a barin mai masauki a sace. Sai an je ƙafa da ƙafa, an yi godiya, an yafi juna, an shafa fatiha. Kuma wanda ya yi sallama ba ya komawa ɗakin, ko allura ya manta. Baban Lubna ya sa babbar rigarsa ta salla, ya sayi goro da dabino, muka ɗunguma Ambasatna mu uku.

Ghali ya tarbe mu da afe afe da lale marhabin, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Da ya ga ƙullin goro sai ya ɗauka auren wata aka zo nema, alhali 'ya'yansa duk maza ne. Baban Lubna ya yi jawabi mai tsawo. Ya gode masa da riƙon shekara biyu, ya ce ba a kama shi da cin amana ba, sai dai tafiya ta taso, baƙo zai wuce Gabas.

Ghali ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya in shafi yana kusa da masu dubawa, yakan ɗan ƙara sauri. Kaɗan dai."

Wayyo Lauratu, da bai faɗi haka ba. Baban Lubna ya juyo ya dube mu, ya kumbura har kujera ta yi ƙara.

"Amma Malam," Ghali ya ci gaba, "kun kwashe kayan?"

"Tas."

"Duka? Hotuna, da rubutu, da abin da ke ƙarƙashi wanda ido ba ya gani?"

"Har ƙurar."

"Malam Abdulmutallib, in na sauke shi yau, kalas, shi ke nan, babu shi a waya ko ɗaya. Kun kwashe?"

"Ghali, ina tuƙa injiniyoyi kana rarrafe."

Ghali ya miƙo takarda, Hansatu ta sa hannu. Ya ba da wata lamba da ya ce ita ce mabuɗin sunan shafin, sabon mai masauki zai nema. Aka yafi juna, aka shafa, muka fito.

Kafin la'asar Hansatu ta kira, muryarta har tsakar gida ake ji. Wata mai saye daga Marwa ta buɗe shafin ta tarar da farin allo da layin Faransanci guda.

"Injiniya, ina shafina?"

"Yana hanya."

"Wace hanya?"

"Hanyar Jidda mana. Ke kin ɗauka Digel ce da za a hau babur ɗin klando a sauka? Yanzu ko Masaget bai kai ba."

Malam Alamin tela, maƙwabcinmu, yana bakin zaure yana jiran maigidan, ya ji komai. Kafin magariba Abena kaf ta san shafin Maiturare ya kama hanyar Gabas. Ranar Laraba duk wanda ya gamu da Baban Lubna sai ya ce, "Malam, ina matafiyi ya kai?" Shi kuma ko dariya babu, sai ya ɗaga kai sama ya ɗan yi nazari ya ce, "Ya kwana Ati." Ranar Alhamis ya ce ya wuce Abeshe, hanya da kyau. Inna Zahra, tsohuwar nan ta bayan masallaci, ta dogaro sandarta har gida, ta ce in zai dawo don Allah ya riƙo mata zamzam ko rabin gora ne. Ya ce mata za a duba.

Ni kuwa ranar Laraba na ga abin da ya tsinka min gaba. Ya ba ni wayarsa in riƙe zai wanke hannu, allon a buɗe. Lauratu, kwashewar da ya ce ya yi, hoto ne. Ya buɗe shafin a ordinatir, ya riƙa ɗaukar allon da wayarsa, fuska bayan fuska. Allon kuma yana sheƙi kamar madubi. A kowane hoto ga kwalbar humra can a dushe, ga Baban Lubna a kanta, baki a buɗe, ido ɗaya a kanne.

Na ce, "Malam, wannan ce kwashewar?"

"Me ya rage? Ba ga kwalba ba? Ba ga suna ba?"

"Ga hancinka kuma."

"Wannan hatimi ne, don a san wanda ya yi aikin."

Na kwantar da murya na ce ko zai koma wurin Ghali, a ɗan tambaye shi. Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"In koma? Bayan sallama? Bayan fatiha? Kakana ya manta tukunyar tagulla a Dikwa, ya tuna tun bai yi nisa ba, bai juya ba. Har ya rasu yana zancen tukunyar nan, amma bai juya ba."

Na ce Allah ya jiƙan kaka, na koma madafi.

Alhamis da Juma'a a sibar ɗin Taufiq ya yi su, gidan nan da ake hayar ordinatir a bakin kwalta. Ya sami wani kamfani a Jidda, ya shiga yi musu rubutu. Ya dawo cin abinci yana ta yabo.

"Mutanen can akwai tarbiyya. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi zafi, na ba shi tarihin kakanni. Duk abin da na ce sai ya ce, da me zan taimake ka? Sau bakwai, bai gaji ba. Na ce masa in na zo Umra a gidansa zan sauka."

"Me ya ce?"

"Ya ce da me zan taimake ka."

Daga baya Taufiq ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya min, na'ura ce ke amsawa, babu mutum a ciki. Taufiq ya yi ta roƙon a bar shi ya sa hannu, aka ce masa ya tsaya a kan hayar kujeru. Abu ɗaya aka bari ya yi, ya ɗauki lambar nan ta Ghali ya juya sunan shafin zuwa sabon masauki, shi ma don Baban Lubna ya ce ƙaramin aiki ne, bai kai nasa ba.

Bayan sallar Juma'a ya shigo yana taku ɗai-ɗai.

"An gama. Na ɗora hotuna. Akwai masu zama suna tsinta ɗaya-ɗaya kamar masu tsince shinkafa. Ni na ga wani maɓalli da ya ce zaɓi duka, na danna shi, na tashi."

Ya buɗe min tafin hannunsa. Ya rubuta wasu haruffa da lambobi da jan biro, layi biyu.

"Lambar sirrin sabon masauki. Na ajiye ta inda ɓarawo ba zai sata ba sai ya tafi da hannuna."

Ina buɗe baki aka kira la'asar, ya ɗauki buta ya fita.

Hansatu ta yi ta gwada shafin, farin allo dai. Taufiq ya ce sabon suna yakan ɗauki yini guda kafin ya zauna a ko'ina. Baban Lubna ya fassara wa unguwa cewa matafiyi yana kan ruwa, gobe zai sauka. Ya kuma ce saukar nan ba za a yi ta a ɓoye ba, walima za a yi. Ya gayyaci majalisarsu, ya gayyaci Malam Alamin, ya gayyaci matan Digel. Har Ghali ya aika wa, wai ya zo ya ga yadda ake aiki.

Asabar bayan la'asar gidan Hansatu ya cika. Mata a tsakar gida kan tabarmi, maza a bakin zaure. An aro babban talabijin daga gidan kallon ƙwallo, aka kawo shi a klando, Baban Lubna yana rungume da shi a baya, ba a ganin komai nasa sai takalma. Hansatu ta zuba turare a kasko huɗu. Hajiya Ikilima ta iso cikin farar lafaya, aka sa mata kujera a gaba, ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Mace ce marar yawan magana, ido ne da ita.

Ana jona talabijin wuta ta ɗauke. Aka tada janareta, ya yi tari ya mutu. Baban Lubna ya tura mai janaretan gefe, ya ce inji ai ɗan'uwan mota ne. Ya ja igiya da ƙarfi, igiyar ta biyo shi, ya zauna daɓas a cikin bahon da aka jiƙa gorunan lemo. Yana cikin bahon wuta ta dawo da kanta.

"Kun gani?" ya ce. "Tsoro ta ji."

Ya tashi, bayan riga yana ɗiga, ya tsaya gaban allo ya yi jawabi. Ya fara daga Kano, ya bi ta Dikwa, ya ambaci tukunya. Ya ce yau zuriyar masu zango ta sa ƙafa a Jidda. Ya ce akwai masu injin jaki, ba zai kama suna ba, ana kallon Ghali. Sannan ya sa Taufiq ya haɗa ordinatir da talabijin, ya ce kowa ya yi bisimilla, ya danna.

Lauratu, ya buɗe. Da sauri kuwa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Hanci ne ya fara bayyana. Hanci mai faɗin tire, da ramukansa biyu, can a bayansa wata inuwa mai kama da kwalba.

Hajiya Ikilima ta sa tabarau.

"Wannan wane turare ne?"

"Humra ce, ranki ya daɗe," in ji Baban Lubna. "Ana nuna inda take shiga ne."

Hotunan da kansu suke wucewa, kowanne ya ɗan tsaya ya ba na bayansa wuri. Hanci da hula. Hanci da haƙora. Babban yatsa ya rufe rabin allo. Hansatu ta dafe ƙirji tana salati a hankali. Mata suka fara toshe baki da gefen mayafi.

Sai hotunan turaren suka ƙare, wayar kuma ba ta ƙare ba.

Ga Baban Lubna ya jingina da wata farar mota ƙatuwa, yana kaɗa mabuɗi, mabuɗin kuwa na ƙofar gidanmu ne, na san igiyarsa. Ga shi kuma da hular kwano ta masu gini, ya riƙe takarda a juye yana nuna wani bene da yatsa. Sai ga yatsan ƙafarsa, wanda ya kumbura bara, an ɗauko shi kusa-kusa daga ɓangare uku. Wata mata ta ce a'uzubillahi ta juya wa allo baya.

"Tsanina!"

Malam Alamin ne ya miƙe tsaye. Hoton akuyarmu ne a bayan gida, amma ga tsani jingine da katanga, da shuɗin fenti a ƙafarsa.

"Tsanin da ka rantse ka dawo min da shi tun kafin azumi! Har na yi faɗa da surukina a kansa!"

"Mai kama da shi ne."

"Ga sunana a jiki!"

Baban Lubna ya shiga danne-danne. Duk abin da ya danna sai hoton ya ƙara girma. Ana cikin haka sai ga shi a bakin kogin Shari, a rumfar masu gasa kifi, ya naɗe hannun riga, kifi a gabansa ya kai tsawon damtse, kumatu cike. A ƙasan hoton ga kwanan wata ɓaro-ɓaro. Na bi shi da yatsa daga inda nake zaune. Alhamis ce, Lauratu. Alhamis ɗin da ya ce min yana azumin nafila, na yini ina hana yara surutu, na yi masa kunun gyaɗa da ƙosai na buɗa-baki, ya sha yana nishi.

Dubansa kawai na yi.

"Wani ne ya ce in riƙe masa," ya ce.

"A baki?" in ji Hansatu.

Gidan ya fashe. Maza suna dukan cinya, Inna Zahra tana tambayar a gaya mata me aka gani. Baban Lubna ya yi tsalle ya fizge wayar wuta daga bango, allo ya mutu.

"Shi ke nan, an rufe. Ƙaramar matsala ce ta saukar jirgi."

Hajiya Ikilima ta ɗago wayarta. Kifin yana nan a kanta.

"'Yata ce ta rubuto daga Jidda," ta ce. "Na tura mata sunan shafin tun da rana. Tana tambaya, mai kifin shi ma na sayarwa ne?"

Taufiq ya ce cire waya daga bango ba ya sauke shafi, duk duniya ana gani, sai an shiga da lambar sirri an goge. Baban Lubna ya ce wannan mai sauƙi ne, ya buɗe tafin hannu a gaban jama'a.

Fari tas. Alwala shida ta bi ta kai, ga wankan baho.

Ya duba ɗaya hannun. Ya duba tsakanin yatsu. Ya ce yana jin akwai bakwai a ciki.

Hajiya ta cire tabarau ta sa a jaka, ta ce, "Maiturare, ƙamshin gidanki ya yi min, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan tura wa matan Jidda yatsan ƙafa su zaɓa ba. Jirgina jibi ne."

Ta yunƙura za ta tashi. Hansatu, wadda bakinta bai taɓa mutuwa ba tun tana goye, ta tsaya kawai tana murza gefen zane, ido ya kawo ruwa. Dariyar ta tsaya wa kowa a wuya.

Sai Ghali ya yi gyaran murya daga bakin zaure.

"Hajiya, a ɗan dakata. Shafin na sauke shi, amma ban zubar da kayan ba. Suna nan a ajiye. In an juyo da sunan, gobe war haka ya dawo yadda yake."

Hansatu ta yi guɗa. Ghali ya ɗaga hannu.

"Sai dai ni an sallame ni da goro da fatiha. An kuma ce injina jaki ne, a Abena an faɗa, a nan ma an faɗa. Baƙon da ya ce ya kwashe kayansa tas, me zai dawo nema a ɗakina? Tambayar nan da na yi sau uku, zan yi ta huɗu. Malam Abdulmutallib, kun kwashe?"

Ido ya koma kan Baban Lubna, riga jiƙe, waya a hannu.

"To, kwashewa iri-iri ce."

"Injiniya," in ji Hansatu, "turmi yana bayanka."

"An kwashe na sama, na ƙasa ne..."

"Kun kwashe?"

"A ilmance, in aka duba..."

Hajiya ta duba agogo.

Baban Lubna ya dubi ƙasa, ya ce wani abu da ko tururuwa ba ta ji ba.

"Ɗaga murya, Malam," in ji Alamin, "yadda ka ɗaga ranar rantsuwar tsani."

"Ban kwashe ba!"

"Kana neman masauki?"

"Ina nema."

"Wurin jaki?"

"Jaki ai dabbar albarka ce, Ghali. Kakanninmu ma a kansa suka zo."

Ghali ya yi dariya har da hawaye, ya ce marhaba, ɗaki yana nan.

Ranar Lahadi da yamma shafin ya dawo, kowace kwalba a mazauninta, babu hancin kowa. Hajiya ta duba a masaukinta, ta aiko mota. Jiya Litinin humrar Hansatu ta hau jirgi. Tsani ya koma gidan Alamin, maigidan da kansa ya kai shi a kafaɗa, da rana tsaka, ta gaban majalisa. Maganar kifi kuwa ban tayar ba. Na dai ce masa ranar Alhamis mai zuwa zan taya shi azumi, mu yini tare a gida, ƙofa a rufe.

Yanzu abin da yake gaya wa mutane shi ne, wai tun ranar sallama ya ƙyafta wa Ghali ido ya ajiye kayan, duk sauran gwaji ne yake yi wa kamfanin Jidda, kuma sun faɗi.

To ga abin da ya sa na ce sai a takarda. Babu wanda ya ƙyafta wa Ghali ido. Ranar Laraban nan da na ga hotunan, na bar tukunya a wuta na fita gindin darbejiya, na rubuta wa Ghali saƙo. Na daɗe ina haɗa shi. Na ce don girman Allah kada ya zubar da komai sai Asabar ta wuce. Ya amsa da kalma ɗaya, ya ce to. Shekara ashirin da uku da aure ban taɓa yin abu a bayan idon Malam ba sai wannan, kuma har yanzu ban san ko lada na samu ko akasin haka ba. Hansatu ma ba ta sani ba, don in ta sani Digel ta sani.

Ga shi can yana sallama a zaure. Tun safe yake cewa wayata ta yi nauyi, in ya dawo zai zauna ya duba cikinta ya ƙara mata sauri. Saƙon yana nan a ciki, ban san yadda ake goge shi ba, shinkafa kuma ta fara kamawa.

Lauratu, don Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, wannan magana ta tsaya a cikinki. Kada ki gaya wa kowa. Ko mijinki. Musamman mijinki.